Yadda ake gano laifin kuloci idan gyara bai yi kyau ba

Motar da aka sauke wa giyabos aka sa mata sabon kuloci, kamata ya yi ta fito daga gareji feda ta fi da laushi, giya na shiga ba gardama, kuloci kuma na kamawa a wajen tsakiyar tafiyar feda ko ƙasa kaɗan. Idan ta fito giya na gurnani, ko tana karkarwa wajen tashi, ko inji na ihu mota ba ta gudu, to akwai abin da aka ɗaura ba daidai ba. Kada ka yarda da "bari ya zauna, zai saki". Sabon farantin kuloci yana buƙatar ya zauna a kan filawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa a bayan inji, gaskiya ne, amma zama ba ya gyara giyar da ta ƙi shiga. Kada kuma ka yi saurin yarda a sake sauke giyabos. Laifuka da yawa a waje suke, a feda, ko kebur, ko masta (famfon man da ke kai takun feda zuwa kuloci: ta sama tana wajen feda, ta ƙasa tana jikin giyabos), kuma sifana biyu da kwalbar man birki sun isa a gano su.

Tambayoyin da za ka fara yi

Kafin a taɓa ko noti ɗaya, ka san abin da aka canja. Kuloci kaya uku ne da ke aiki tare: faranti mai fata, da murfin da ke danne shi a jikin filawil wanda makanikai ke ce wa dis, da boris ɗin da ke tura yatsun murfin. Ka nemi a nuna maka tsofaffin da aka cire da kwalin sababbin. Idan faranti kaɗai aka canja aka mayar da tsohon dis, ka riga ka sami wanda za ka fara zargi. Ka tambaya sabo ne, ko na Baljiyam, ko kuwa tsohon faranti ne aka sake wa fata aka buga ribit. Ka tambaya an taɓa fuskar filawil, an kwance bututun mai na masta, kuma wane mai aka zuba. Amsar ta ƙarshe tana da muhimmanci: DOT 3 ko DOT 4 ake zubawa, yadda aka rubuta a murfin kofin. Idan aka zuba man sitiyari ko wani mai mai kama da baƙin mai, robobin masta kumbura suke yi cikin 'yan kwanaki, kuma ba su da magani sai canji.

Gwaji huɗu da za su nuna maka inda za ka nufa

Na farko, inji a kashe, ka taka kuloci ka bi giyoyi ɗaya bayan ɗaya. Idan a nan ma suna gardama, laifin ba na kuloci ba ne, na sandar giya ne ko keburanta. Idan suna shiga lafiya, ka tayar da inji, ka taka feda har ƙasa, ka ƙirga daƙiƙa biyar, sannan ka sa ribas a hankali. An zaɓi ribas ne don a yawancin motoci ba ta da zoben da ke daidaita gudu, saboda haka ba ta rufa wa kuloci asiri. In ta yi ƙarar haƙora, kuloci bai saki gaba ɗaya ba.

Na biyu, ka buga feda sau biyar ko shida da sauri, ka sake gwada ribas. In ta shiga shiru bayan bugun, iska ce a cikin mai.

Na uku, a fili mai faɗi ba kowa a gaba, ka sa giya ta ɗaya, ka riƙe feda a ƙasa na kamar minti ɗaya, ƙafarka ta dama na kusa da birki. Idan mota ta fara rarrafe da kanta, masta ta sama tana zubar da mai ta ciki, robarta ba ta riƙe matsi, ko da ba ka ga ɗigo ko ɗaya a waje ba.

Na huɗu na sulɓi ne. Ka ja hanbirki sosai, ka sa giya ta uku ko ta huɗu, ka ɗaga inji zuwa wajen 2000, ka saki feda a hankali. Lafiyayyen kuloci kashe inji yake yi nan take. In inji ya ci gaba da aiki bayan ka ɗauke ƙafa, yana sulɓi. Sau ɗaya ake yin wannan, na daƙiƙa biyu ko uku, domin ƙona fata yake yi. Wanda ya fi sauƙi ga mota shi ne a kan titi: giya ta huɗu ko ta biyar a gudun kilomita 50 zuwa 60, ka danne totur. Allurar inji ta tashi, ta gudu ta tsaya, sulɓi ne.

Idan giya ta ƙi shiga

Wannan shi ne abin da ya fi yawa bayan gyara, kuma a nan ne ake yawan asarar kuɗi a banza.

Fara da ƙasan ƙafa. Kafet mai kauri ko tabarmar roba da ta naɗe a ƙarƙashin feda tana iya cinye santimita biyu na tafiyarta, wannan kaɗai ya isa ya hana kuloci saki. Sai ka danna feda da yatsa ka auna wasanta, wato tafiyar da take yi a banza kafin ka ji nauyi. A Corolla da danginta milimita 5 zuwa 15 ne. Motocin kebur da ake saitawa da hannu sukan fi haka kaɗan. In wasan ya yi yawa, rabin takunka a banza yake tafiya. A motar mai, wato wadda kulocinta ke aiki da mai ba kebur ba, ana sassauta notin da ke kan sandar masta a saman feda a tsawaita sandar rabin juyi rabin juyi, ana gwadawa. A motar kebur kuwa notin yana ƙarshen kebur wajen giyabos.

Golf 3 mai inji 1.8 tana da kebur mai saita kansa, kuma yana ruɗar da mutane. Ka taka feda sau biyar, sannan ka kama hannun da ke jikin giyabos ka tura shi akasin inda kebur ke jan sa. Ya kamata ya tafi kamar milimita 10 ba tare da tirjiya ba. In ya ƙafe, kebur ɗin ya maƙale, ba kuloci ba.

A motar mai, abu na gaba cire iska ne, kuma a yi shi yadda ya kamata. Ka cika kofi. Ka lura cewa a motoci da yawa kofi ɗaya ne da birki, kuma bakin da ke shayar da kuloci yana can sama a jikin kofin, don haka mai yana iya kasancewa rabi amma kuloci na shan iska. Ka sa siririn tiyo mai haske a kan nonon masta ta ƙasa, wato ɗan notin cire iska da ke jikinta, ɗaya bakin a cikin kwalbar da aka ɗan zuba wa mai. Mutum ɗaya ya taka feda a hankali ya riƙe, na biyu ya buɗe nono kwata na juyi, mai ya fita, ya rufe, sannan a ɗaga feda. Ba a ɗaga feda nono na buɗe. Bayan kowane taku uku a duba kofi. A ci gaba har mai ya fito babu kumfa. In an yi ta yi feda ba ta dawo ba, ka duba ko nono yana sama da bakin bututu, domin akan ɗaura masta ta ƙasa a juye ko a sa ta wata mota, iska kuma sama take taruwa. Wata dabarar ita ce a ɗauki babban sirinji a tura mai daga nono zuwa sama, a riƙa kwashe na kofi kada ya zuba a kan fenti.

Yanzu ka auna aikin masta ta ƙasa idan a waje take. Wani ya taka feda, kai ka sa rula a gefen sandarta. A ƙananan motoci da yawa tana tafiya milimita 12 zuwa 15. In ba ta kai ba, har yanzu laifin a waje yake: iska, ko roba, ko tiyo mai kumbura idan an taka, ko kuma masta ta ƙasa da faɗin cikinta ya fi na asali. Wannan na ƙarshe yana faruwa ne idan aka saya da ido, "ai iri ɗaya ne". Mai faɗin ciki tana sa feda ta yi laushi mai daɗi, amma tafiyarta gajera ce.

In sanda na cika tafiyarta amma ribas na nan na ƙara, to laifin ya shiga ciki, sai an sauke. Ga abin da aka fi samu.

An juya faranti. Yawancinsu suna da rubutu a cibiya, ko dai na gefen filawil ko na gefen giyabos. Na Jamus sukan rubuta Getriebeseite, wato wannan fuskar ta kalli giyabos. A mafi yawan motoci gefen da sifirin suka fi fitowa shi ke kallon giyabos. In aka juya, cibiya tana taɓa kan notocin filawil, za ka ga ƙarfe ya yi sheƙi a wurin.

An lanƙwasa faranti wajen ɗaura giyabos. Shaf ɗin giyabos ya shiga cibiya, makaniki ya gaji ya saki giyabos ya rataya a kai kafin a sa noti, ko kuma giyabos ya ƙi zama aka jawo shi da dogayen notoci da ƙarfi. Lanƙwasar ba ta ganuwa da ido. Ka zura faranti a kan shaf ka juya shi kusa da wani abu tsayayye. Toyota ta yarda da karkacewar da ba ta wuce milimita 0.8 ba a bakin faranti.

Fatar da aka sake bugawa ta yi kauri fiye da ta asali, saboda haka ko dis ya ɗaga iyakar ɗagawarsa faranti na gogar filawil. Ko haƙoran shaf sun yi tsatsa ba a wanke ba, faranti ba ya zamewa baya. Ko fok, hannun ƙarfen da ke tura boris, ya tsage, ko bai hau kan turkensa daidai ba. Ko ƙaramin boris da ke tsakiyar ƙaranshaf, a motocin da ke ja da baya irin su Hiace da Hilux, ya bushe ya kama bakin shaf yana juya shi ko da kuloci ya saki.

Idan yana sulɓi

Sabon kuloci mai sulɓi, kafin komai ka duba wasan feda, wannan karon ko babu shi sam. Kebur da aka ɗaure tamau daidai yake da direban da ƙafarsa ke kan feda koyaushe. A motar mai abin ya fi ɓoyuwa. In aka tsawaita sandar masta ta sama fiye da kima, fistin ba ya komawa gida, yana toshe 'yar ƙofar da mai ke bi ya koma kofi. Da safe mota lafiya lau, idan ta yi zafi mai ya buɗe, ba shi da hanyar komawa, sai ya riƙa tura boris da kansa. Alamar ita ce sulɓin yana zuwa ne bayan tafiyar minti ashirin ko talatin, feda kuma tana kamawa can sama. Gwajin mai sauƙi ne: lokacin da take sulɓin ka tsaya ka ɗan buɗe nono. In mai ya yi tsartuwa da ƙarfi kuma sulɓin ya ɗauke, ka gano. Ka rage sandar har a sami ɗan wasa na milimita 1 zuwa 5 a saman feda kafin ta taɓa fistin. Masu jigila sukan nemi a "ɗaga musu kuloci", ta nan ake jawo wannan matsala.

In wasa daidai yake, ka leƙa ƙasan mahaɗar inji da giyabos. Baƙin mai a wurin na nufin oyil-sil na bayan ƙaranshaf. Mai warin man giya na nufin sil ɗin shaf. Mai ruwa-ruwa da ke cinye fenti man birki ne, daga masta ta ƙasa irin wadda ke cikin giyabos haɗe da boris, kamar ta Vectra B da motoci da yawa na baya-bayan nan. A Golf 3 mai inji 1.8 akwai wata 'yar roba a cikin shaf inda doguwar sandar turawa ke wucewa. Kuɗinta ba su taka kara sun karya ba, amma idan aka manta da ita man giya yana bin sandar kai tsaye ya jiƙa sabon faranti. Farantin da ya sha mai ba ya wankuwa. Fetur yana share na sama ne kawai, zafi ya sake fito da na ciki.

Sauran dalilan su ne tsohon dis da sifirinsa ya mutu, dis na ƙaramin inji a babban inji, da filawil mai mataki da aka share fuskar da faranti ke kamawa ba a rage inda dis ke zama daidai da haka ba. Ramin ya ƙara zurfi, dis ba ya danna faranti da ƙarfinsa.

Karkarwa wajen tashi

Ka fara da kujerun inji. Wani ya tsaya a gefe, ba a gaba ba, bonet a buɗe, ka ja hanbirki ka ɗan saki kuloci a ta ɗaya sannan a ribas. In inji na tsalle, ko roba ta yage wajen saukewa ko ba a ɗaure noti ba. In kujeru lafiya suke, yawanci giris ne. Makaniki ya lafta shi a haƙoran shaf da niyyar alheri, juyin inji ya watsa shi kan fata. Ko kuma ba a goge man kariyar tsatsa da ke fuskar sabon dis ba. Ko filawil na da tabon ƙuna shuɗi-shuɗi da tsaga aka ɗora sabon faranti a kai haka nan. Ko an ɗaure notocin dis ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, murfin ya karkace, yatsunsa ba su tsaya daidai ba.

Akwai kuma gajerun turakun ƙarfe biyu da ke tsakanin inji da giyabos, masu daidaita su a kan layi ɗaya. Sukan faɗi ko su bi tsohon giyabos, ba wanda ya kula. Notoci kaɗai ba sa daidaita shaf. Motar za ta yi tafiya, amma bayan 'yan watanni za a ga cibiyar faranti ta ragargaje ko sifirin sun zube, a ce jabu aka saya.

Ƙara

Saurara da ƙafarka. Ƙarar da ke farawa da ka ɗora ƙafa a feda ta boris ɗin kuloci ce. Wadda ba ta fitowa sai feda ta kai ƙasa mota na cikin giya, ta ƙaramin boris na ƙaranshaf ce. Wadda kake ji a firi ƙafa a ɗage, ta ɗauke idan ka taka, daga cikin giyabos take, kuma abu na farko da za ka duba shi ne man giya. In an zare shaf na ƙafa wajen aiki mai yana zuba, ana kuma mantawa a mayar. Ƙwanƙwasa wajen tayarwa da kashe inji a motar da ke da filawil mai gida biyu, irin na dizal da yawa, alama ce ya gaji. Irin wannan filawil ba a share fuskarsa, canja shi ake yi.

Wasu abubuwan ma ba su shafi kuloci ba, ɓarnar saukewa ce: wayar as (wadda ke haɗa inji ko giyabos da jikin mota) da aka manta tana sa kik ya yi nauyi, firikwensin ƙaranshaf da ke jikin giyabos a Peugeot 406 in ya bugu mota ba ta tashi, soket ɗin fitilar ribas da na agogon gudu kuma sukan zauna a cire.

In ya zama dole a sake saukewa

A cire kan batir. A ɗora mota a kan ƙafafun ƙarfe, ba jak kaɗai ba, ba kuma bulo ba. Ƙurar kuloci ba a hura ta da iska, wasu fatun har yanzu suna da asbestos, a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Kafin a kwance dis, ka kalli yatsunsa. Su tsaya kai ɗaya, bambancinsu kada ya wuce rabin milimita. Ka duba zurfin kan ribit a faranti, ƙasa da milimita 0.3 ya gama aiki. Ka kama filawil ka tura gaba da baya. In ka ji yana motsi har da ƙara, ƙaranshaf ke wasa, kuma babu kulocin da zai gyara wannan.

Kaya a sayi cikakken saiti na kamfani ɗaya, Exedy, Aisin, Valeo, LuK ko Sachs, da lambar inji ba da sunan mota kawai ba. Ko a Kofar Ruwa ne ko Panteka, ka tafi da tsohon a hannu. Ka ƙirga haƙoran cibiya, ka auna faɗin faranti, ka kifa dis biyun a kan teburi ka gwada tsayin yatsunsu, ka jera boris sabo da tsoho. Bambancin milimita uku a tsayin boris ya isa ya lalata aikin duka.

Wajen ɗaurawa, a bi wannan tsari. A canja sil ɗin da ke zuba. A share filawil in ya ƙone, ko a bi shi da sanfefa in ƙyalli ne kawai, a goge shi da fuskar dis da tina. Notocin filawil a motoci da yawa na ɗauri ɗaya ne, sababbi ake sawa. A wanke haƙoran shaf da buroshin ƙarfe, a shafa giris mai jure zafi ɗan kaɗan, a zura faranti a kai da kawowa sau biyu ko uku, a zare, a goge duk abin da ya taru a baki. A ɗan taɓa giris a turken fok da inda fok ke taɓa boris. Masta mai haɗe da boris sabuwa ake sawa, kuma ba a matsa ta da hannu kafin a ɗaura, robarta na lalacewa. A tsayar da faranti a tsakiya da sandar saiti ko tsohon shaf, ba da ido ba. Notocin dis a ɗaure su a giciye, juyi ɗaya ɗaya, zagaye uku ko huɗu, a ƙare da sifana mai awo. A Corolla niyuton-mita 19 ne, yawancin ƙananan motoci ba sa wuce 20 zuwa 25. Dis mai saita kansa yana da na'urar dannawa ta musamman, in gareji ba shi da ita a kai inda ake da ita.

A tabbatar turakun nan biyu suna nan. A ɗaga giyabos a kan jak, a sa shi cikin giya a riƙa juya bakin shaf ɗin ƙafa har haƙora su haɗu. Giyabos ya zauna jikin inji da turin hannu. In ya rage yatsa ɗaya ya ƙi, a ja baya a sake saita faranti. Da an ɗaure notoci huɗu, a haɗa kebur ko masta a gwada tun kafin a mayar da sauran kaya: a sa giya, wani ya taka feda, kai ka juya bakin shaf da hannu, a motar da ke ja da gaba a riƙe ɗaya gefen. Ya juya a sake, kuloci na saki. Bai juya ba, gara a sani yanzu.

Bayan an gama, a cika man giya har bakin ramin awo, a sake yin gwajin ribas da na riƙe feda. Kilomita 500 zuwa 800 na farko a yi su a cikin gari da tashi mai laushi, ba lodi mai nauyi, ba riƙe mota da kuloci a kan tudu. Daga nan a sake auna wasan feda, domin fata ta ɗan kwanta, kuma a motar kebur wasan yakan ragu har ya buƙaci juyi ɗaya ko biyu na noti.